Darasi na 9: Motar da ke Tashi Yau ta Ƙi Gobe

Wannan darasi na direbobi ne da masu mota da yaran gareji masu koyon aikin wuta. Za mu koyi yadda ake gano abin da ke hana batir samun caji, musamman irin matsalar nan da ba ta zama wuri ɗaya. Yau mota ta tashi da murɗa makulli sau ɗaya, gobe sai an tura, jibi kuma ta tashi kamar ba ita ba. Kayan aikin ba su da yawa: mitar auna wuta, sifana mai lamba 10, buroshin waya, littafi da biro.

Motar da ta mutu murus ba ta wahalar da mai gyara, domin laifin yana nan yana jiran a same shi. Wadda ke cinye kuɗin mutane ita ce mai ciwon da ke zuwa ya tafi. A ɗauka direba ne a tashar Tudu da ke Accra, ya yi lodin Aflao a cikin Sprinter. Fasinja sun cika, an ɗaure kaya, ya murɗa makulli, sai ya ji ƙat-ƙat-ƙat. Yaron mota da 'yan tasha suka tura, ta tashi, ya je Aflao ya dawo lafiya lau. Washegari ya kai ta gareji a Odawna.

"Masta, motar nan jiya ta kunyata ni a gaban fasinja."

Masta ya ɗora mita, ya ga bolt 14, ya ce, "Alhaji, ai tana caji. Wataƙila batir ne ya gaji."

Alhaji ya wuce Abossey Okai ya sayi sabon batir. Aka yi mako biyu shiru, sannan ciwon ya dawo. Aka ce to altaneta ce, ita ma aka saya. Bayan wata guda ga shi kuma ana tura mota a tasha.

Abin da ya yaudare su ba ɓoyayye ba ne. Sabon batir yana zuwa da wutarsa cike, saboda haka ko mota ba ta yi masa caji sosai, zai ɗauki kwanaki kafin ya nuna gajiya. Ban da haka, wurin ɗaura shi an kwance kawuna, an goge, an ɗaure da ƙarfi. Idan asalin laifin a kan batir yake ko a wayar da ke kusa, wannan taɓawar kaɗai ta isa ta kwantar da shi na ɗan lokaci. Sai a yaba wa sabon kaya, alhali sifana ce ta yi aikin.

Aikin batir da aikin altaneta

A gidajen Nima da Maamobi kowa ya san tankin ruwa da famfon da ke cika shi. Batir shi ne tankin, altaneta ita ce famfon, wayoyi kuma su ne bututu. Idan aka wayi gari tanki ba ruwa, ko dai tankin ya fashe, ko famfo bai kawo ba, ko bututu ya toshe, ko kuma wani ya bar kan famfo a buɗe da dare. Laifin caji a mota ba ya wuce waɗannan huɗun, kuma tun da huɗu ne, wanda ya sayi batir ba tare da awo ba caca ya yi.

Batirin mota na darma ne da ruwan asid. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro irinsa a 1859, kuma har yau asalin aikinsa bai sake ba. A cikinsa akwai ɗakuna shida, kowane ɗaki yana ba da kusan bolt 2.1, idan aka haɗa a sami bolt 12.6. A kasuwarmu da yawan faranti ake cinikinsa, a ce mai faranti 13 ko 15 ko 17. Ba laifi, amma a riƙa duba lambar da ke jikinsa mai haruffan Ah, domin ita ce ke faɗin yawan wutar da yake iya ajiyewa. Ƙananan motoci suna ɗaukar daga 35 zuwa 70, manyan bas-bas masu dizal kuwa sun fi haka. Babban aikin batir shi ne juya sitata, wadda ke zuƙar amfiya 100 zuwa 200 ko fiye a cikin 'yan daƙiƙu. Da inji ya tashi, nauyin ya koma kan altaneta.

Altaneta ba ta daɗe a mota kamar batir ba. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya fara sa ta a motar da ake ƙerawa da yawa a 1960, ta maye gurbin tsohuwar dainamo. Bel ne ke juya ta. A cikinta akwai dunƙulen waya mai juyawa wanda ke zama maganaɗisu idan wuta ta shige shi, kuma wutar tana shiga ne ta wasu ƙananan kabon guda biyu da ke goga jikin zoben tagulla. Akwai wani naɗin wayar da ba ya motsi, a nan wuta ke samuwa. Akwai dayod, galibi shida, masu miƙe wutar ta bi hanya ɗaya. Sai regileta, wadda ke tsare ƙarfin wutar kada ya wuce kima. Kowanne daga cikin waɗannan yana iya yin aiki da sanyin safiya ya ƙi da zafin rana.

Abin da garin Accra ke yi wa mota

Zafi shi ne babban makashin batir a nan. Masana batirin darma suna lissafin cewa duk ƙarin zafi na digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana rage rabin kwanansa. Garinmu da rana yana kaiwa digiri 30 da wani abu, ƙarƙashin bonet kuwa ya ninka haka. Ruwan batir yana ƙafewa da wuri, faranti suna ciwuwa. Batirin da zai yi shekara biyar a Jamus, a nan in ya yi biyu ko uku an gode Allah.

Sai iskar teku. Daga Tudu zuwa bakin ruwa tafiyar ƙafa ce, kuma gishirin da iska ke ɗaukowa yana cin tagulla da ƙarfe a hankali. Da damina, daga Afrilu zuwa Yuli, ruwa yana kwanciya a Circle da Alajo da Kaneshie, motoci suna ratsawa, bel ya jiƙe, laka ta shiga altaneta. Da hunturu kuma ƙura ce. Mafi yawan motocinmu tsofaffi ne da aka sauke a Tema bayan sun yi shekaru a Turai ko Amurka ko Koriya, wasu ma sun sha gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, wayoyinsu sun fara ruɓewa daga ciki tun kafin su hau jirgi.

Cunkoso ma yana da nasa rabon. Altaneta tana ba da cikakken ƙarfinta ne idan inji yana gudu. A kan silo ba ta wuce wajen rabin abin da aka rubuta a jikinta. Mai taksin da ya yi awa guda yana rarrafe daga kasuwar Nima zuwa Circle da daddare, ana ruwa, ga fitilu, ga waifa, ga fanka, ga rediyo, ga wayoyi biyu a caji, yana iya cin wutar da ta fi wadda altaneta ke bayarwa. Batir ne ke cike giɓin. Irin wannan mota ba abin da ya lalace a cikinta, amma da safe za ta yi nauyin tashi.

Littafi kafin sifana

Ciwon da ke zuwa ya tafi yana da lokacinsa, kuma wanda ya gano lokacin ya yi rabin aiki. Mai mota ya ware shafi ɗaya, duk ranar da abin ya faru ya rubuta. Da safe ne bayan mota ta kwana, ko da rana bayan doguwar tafiya? An yi ruwa? An faɗa rami? Fitilar batir da ke gaban direba ta kama ko ta yi ƙyaftawa? Fitilun gaba sun dushe sannan suka dawo? An ji ƙarar bel? Kwana nawa motar ta yi a ajiye?

Amsoshin suna nuna hanya. Motar da ke ƙin tashi bayan ta kwana biyu a ajiye, amma tana lafiya muddin ana hawanta kullum, wani abu ne ke shan wuta da dare, ko batir ya daina riƙewa. Wadda fitilarta ke kamawa sai inji ya yi zafi, a nemi laifin a cikin altaneta. Wadda ke rikicewa bayan rami ko hanya mai gargada, waya ce ta saki. Wadda ke yi sai an yi ruwa, a fara da bel. Mai gyaran da bai yi wa direba waɗannan tambayoyi ba, ya ɗauki sifana kai tsaye, a yi hattara da shi.

Ido da hannu

A kashe mota, a buɗe bonet. A kama kowane kan batir a gwada murɗa shi da hannu. In ya motsa ko kaɗan, an sami laifi ɗaya. Sau da yawa za a tarar an cusa ƙusa ko guntun gwangwani tsakanin kai da maɗaurinsa don ya kama. Wannan dabarar ta fitar da mutum daga daji ce kawai, ba a zama da ita. A duba farin gari ko kore da ke taruwa a kawuna. A wanke shi da ruwan ɗumi da garin soda, a goge da buroshi har ƙarfe ya yi haske ciki da waje, a ɗaure, sannan a shafa ɗan giris a sama. A tabbata batir ɗin kansa a ɗaure yake. Wanda ke tsalle a mazauninsa farantinsa na karyewa daga ciki, kuma karyayyen faranti yakan haɗu ya rabu, wato wani tushen ciwon mai zuwa ya tafi.

A bi baƙar wayar da ta tashi daga batir zuwa jikin mota, da wadda ta haɗa inji da jikin mota. Wannan ta biyun ce ake yawan mantawa, musamman bayan an sauke inji ko giya an mayar. A lanƙwasa waya kusa da bakinta. In ta yi tauri, ko ta kumbura, ko aka ga kore a ƙarƙashin roba, ta ruɓe daga ciki ko da waje yana da kyau.

Bel kuma a duba cikinsa. In yana sheƙi kamar an goge shi, ko ya tsattsage, ko mai ya zuba a kansa, zai riƙa zamewa idan nauyi ya yi yawa. A tsofaffin motoci, in aka danna tsakiyarsa da babban yatsa, kada ya lotsa fiye da santimita ɗaya. Sababbi suna da abin da ke ɗame bel da kansa, shi ma yana gajiya. Motocin dizal da yawa, har da Sprinter, suna da fulin altaneta mai kamawa ta gefe ɗaya ya saki ta ɗaya gefen. Idan ya lalace, wani lokaci fuli yana juyawa amma cikin altaneta ba ya binsa.

Awo da mita

A juya mita zuwa alamar V mai miƙaƙƙen layi, a kan 20. Jan tsinke a kan da ke da alamar +, baƙi a kan mai alamar −. A ɗora tsinken a kan darmar batir ɗin kanta, ba a maɗauri ba.

Awon farko ana yinsa bayan mota ta huta, mafi kyau da safe kafin a tashe ta. Bolt 12.6 cikakken batir ne. 12.4 saura kashi uku cikin huɗu. 12.2 rabi. 12.0 saura kwata. In aka ga wajen 10.5, mai yiwuwa ɗaki ɗaya ya mutu. Batirin da bai cika ba, a kai shi wurin masu caji ya kwana tukuna, domin awon da aka yi wa batir mai yunwa ba ya faɗin gaskiya a kansa, kuma altaneta ba a yi ta don tayar da mataccen batir ba. In aka tilasta mata sai ta yi zafi ta ƙone.

Awo na biyu, wani ya murɗa makulli kai kuma kana kallon mita. Lokacin da sitata ke juyi wuta za ta sauka, amma kada ta yi ƙasa da 9.6. Batirin da ya nuna 12.6 yana zaune, ya faɗi zuwa 7 ko 8 da aka ɗora masa nauyi, ya gama aiki. In mai murafu ne, a buɗe a ga ko ruwa ya rufe faranti. In ya ragu a ƙara tataccen ruwan batir kaɗai, ban da na famfo, ban da na leda, ban da ƙarin asid.

Awo na uku, inji yana aiki. Ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5. Sai a kunna manyan fitilu da fanka da duk abin da ke cin wuta, a taka totur inji ya kai juyi 2,000. In ta tsaya sama da 13.5, caji yana tafiya. In ta sauka ƙasa da 13 ta zauna, akwai magana. In ta haura 15, regileta ta saki, tana dafa batir, kuma alamarta ita ce warin ruɓaɓɓen ƙwai da ƙwayayen fitila masu yawan ƙonewa.

A nan ne akasarin masu gyara ke tsayawa, kuma a nan ne ciwon ke kuɓuce musu, domin mota ta zo gareji da safe, inji da sanyi, komai yana kan daidai. A maimaita awon nan na uku bayan an yi tafiyar rabin awa, inji ya yi zafi sosai. In har yanzu bai nuna ba, akwai ƙaramar mita da ake cusawa a ramin cajin waya, tana nuna bolt kullum a gaban direba. Ba ta da tsada. A bar ta a motar mako guda, ranar da lamba ta faɗi daga 14 zuwa 12 ana cikin tafiya, direba ya rubuta inda yake da abin da ya kunna.

Wutar da ke ɓacewa a hanya

Wannan awo shi ne zuciyar darasin, kuma shi ne wanda ba a cika yi ba. Altaneta tana iya ba da wuta lafiya, batir ma lafiyarsa ƙalau, amma wutar ba ta isa. Waya mai siririn gashi ɗaya da ya rage a cikinta za ta nuna bolt 12 idan ba a ɗora mata nauyi ba, shi ya sa gwaji da ƙwan fitila ko mita a kan motar da ke kashe yake yaudara. Sai wuta mai yawa tana bi ta cikinta ake gane rauninta.

A tashi inji, a kunna fitilu da fanka, a riƙe totur a juyi 2,000. A ɗora tsinke ɗaya a kan babban notin da ke bayan altaneta, inda jar waya mai kauri ta fito, ɗayan kuma a kan darmar batir mai alamar +. A kula da bel da fanka, kada riga ko wayar mita ta shiga. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ta ɓace tsakanin wuraren biyu. Ƙasa da 0.3 lafiya. Ya wuce 0.5, akwai inda ya toshe. Sannan a ɗora tsinke ɗaya a jikin altaneta, ɗaya a darmar batir mai alamar −. Nan kada ya wuce 0.2.

Ga misali da lissafi. A bayan altaneta an sami 14.2, a kan batir an sami 13.2. Bolt ɗaya ya ɓace. In amfiya 50 ke wucewa, wat 50 ke nan na zafi yake taruwa a wuri ɗaya, kuma batir ba zai taɓa cika ba. Shi ya sa hannu ma yana taimakawa: bayan minti biyar, a kashe inji a taɓa mahaɗan wayoyi ɗaya bayan ɗaya, wanda ya fi saura zafi shi ne mai laifi. Don a kai ga ainihin wurin, a riƙa matso da tsinken mita mataki-mataki, daga noti zuwa bakin waya, daga bakin waya zuwa babban fis, daga fis zuwa maɗauri, daga maɗauri zuwa darma. Inda lamba ta yi tsalle, nan ne.

Ana cikin awon, wani ya riƙa girgiza wayoyi da soket ɗin altaneta a hankali. In lambar mita ta yi rawa lokacin da aka taɓa wata waya, an kama ciwon da hannu. Gyaransa sau da yawa sabon maɗauri ne ko guntuwar waya, kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin batir ba.

Idan laifin a cikin altaneta yake

Kabon yana cinyewa da tafiya. In ya gajarce, sifirin da ke tura shi ba ya da sauran ƙarfi, sai ya riƙa taɓa zobe yana saki. Alamarsa fitilar batir mai ƙyaftawa, wadda kan mutu idan aka taka totur ko aka faɗa rami. In caji ya ɗauke, aka ɗan ƙwanƙwasa jikin altaneta da ƙotar sukundireba ya dawo, kusan kullum kabon ne. Regileta kuwa da zafi take nuna halinta. Dayod idan ɗaya ya mutu, caji yana raguwa ba tare da ya ɗauke duka ba, wani lokaci a ji kuka a rediyo mai bin juyin inji. A juya mita zuwa alamar V mai lanƙwasasshen layi a auna a bayan altaneta, in ta kai rabin bolt a zargi dayod.

Waɗannan duka ana canza su ɗaya-ɗaya. Masu aikin wuta a Kokompe da Odawna, da Suame Magazine a Kumasi, suna buɗe altaneta su sa sabon kabon ko regileta. A ganina gyara asalin altanetar mota ya fi sayen wata tsohuwa da ba a san tarihinta ba, muddin zoben tagulla bai cinye ba kuma naɗin waya bai ƙone ba. In dole sai an saya, a sa mai kaya ya yarda a ɗaura a auna da zafi kafin ciniki ya faɗa.

Akwai wani ƙaramin abu da ke rikita har ƙwararru. A tsofaffin motoci da yawa, wutar farko da ke tayar da altaneta ta cikin ƙwan fitilar batir na gaban direba take bi. In ƙwan ya ƙone, ko soket ɗinsa ya saki, altaneta ba za ta fara caji ba sai an taka totur da ƙarfi, wani lokaci ma ba za ta fara ba sam. Saboda haka kullum in ka murɗa makulli kafin inji ya tashi, ka tabbata fitilar ta kama, in ya tashi kuma ta mutu.

Sababbin motoci kuma suna da nasu hali. A wasu, kamar Honda da Ford na shekarun baya-bayan nan, kwamfutar mota ce ke ba altaneta umarni, tana rage caji da gangan zuwa bolt 12 da ɗoriya idan batir ya cika, don a rage shan mai. Kafin a yanke wa irin wannan altaneta hukunci, a kunna manyan fitilu. In lamba ta hau zuwa 14, lafiyarta ƙalau.

Ɓarawon dare

In batir ya ci awo, caji ma ya ci, amma mota tana mutuwa idan ta kwana biyu, wani abu ne ba ya barci. A kashe komai, a cire makulli, a rufe ƙofofi. A cire baƙar wayar batir, a mayar da jan tsinken mita ramin 10A, a sa mita tsakanin darma da wayar da aka cire. Kada a kuskura a tashi mota a haka, mita za ta ƙone. A jira kamar rabin awa kwamfutocin mota su kwanta. Abin da ya rage kada ya wuce amfiya 0.05. In ya wuce, a riƙa zare fis ɗaya-ɗaya har lamba ta faɗi.

Ƙwan but mai wat 5 da ya ƙi mutuwa yana shan kusan amfiya 0.4. A kwana ɗaya ya sha 10 daga cikin 60 da batir ya ajiye, a kwana uku ya sha rabi. Amma waɗanda aka fi kamawa su ne kayan da aka ƙara daga baya: rediyo da amfilifaya, na'urar bin sawun mota, ƙararrawar ɓarayi, fitilun ado, duk wanda aka jona kai tsaye da batir. In an zare fis duka lamba ba ta faɗi ba, a cire babbar wayar bayan altaneta, domin dayod da ya lalace yana barin wuta ta koma baya da dare.

Abin da za a daina, da kiyaye kai

Al'adar cire kan batir inji yana aiki, wai in mota ba ta mutu ba altaneta na da kyau, ta zamanin dainamo ce. Batir ne ke shanye tsallen wuta. In aka cire shi, wutar tana iya haurawa nan take ta ƙone dayod ko kwamfutar mota, kuma gwajin ba ya ma nuna ko cajin ya isa. Haka nan haɗa kawuna biyu da waya don a ga tartsatsi. Batirin da ke caji yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta, tartsatsi ɗaya ko sigari na iya fasa shi a fuskar mutum. In za a cire batir a fara da baƙar waya, in za a mayar a ƙare da ita. A cire zobe da agogon ƙarfe. In asid ya taɓa ido ko fata, a wanke da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, a tafi asibiti.

Mataccen batir kuma kada a fasa shi a gida, kada a tuttular da ruwansa a kwata. Abin da aka zuba a babbar kwatar Nima yana gangarawa kogin Odaw ya ƙare a tafkin Korle. Darma guba ce da ke taɓa ƙwaƙwalwar yara, kuma a 2016 Ghana ta kafa doka mai lamba 917 a kan irin wannan shara mai haɗari. A mayar da shi dunƙule wurin mai sayar da batir, galibi ma ana rage wa mutum kuɗin sabo.

Tambayoyi da aiki

1. Me ya sa sabon batir kan ɓoye matsalar caji na ɗan lokaci?

2. An auna batir da safe an sami 12.2. Nawa ya rage a cikinsa, kuma me za a yi kafin a ci gaba da awo?

3. A bayan altaneta an sami 14.3, a kan batir 13.5. Nawa ya ɓace, kuma ina za a nemi laifin?

4. Wani mai taksi ya ce fitilar batir tana kamawa ne kawai in ya ratsa ruwa. Me za ka fara dubawa?

Aikin mako: ku kasu uku-uku, kowane rukuni ya nemi izinin wani mai mota a unguwa ko a tasha, tare da wanda ya san aikin. Ku yi awo huɗu: batir yana hutawa, lokacin tashi, inji yana aiki da fitilu a kunne, da wutar da ke ɓacewa tsakanin altaneta da batir. Ku rubuta irin motar da shekarun batirin da lambobin da kuka samu, ku zo da littafin aji na gaba.